Wayar wuta mai tsada tana gyara sauti? Ga yadda za ka gwada a ɗakinka

Shekara 22 ke nan ina gyaran rediyo da amfilifaya a wani ɗan shago a Fagge. A 'yan shekarun nan babu tambayar da masu son sauti suka fi kawo mini kamar ta wayar wuta, wato baƙar wayar nan da ke tashi daga soket ɗin bango ta shiga bayan amfilifaya. Mutum zai gani a intanet ana sayar da irinta sama da dala 1,000, an ce tana buɗe murya, tana ƙara wa bes nauyi, sai ya zo ya ce, "Injiniya, wai gaskiya ne?"

Cikin hunturun bara wani Alhaji da na daɗe ina yi wa aiki ya aiko direba ya ɗauke ni zuwa gidansa a Hotoro. Mutum ne mai son sauti tsakaninsa da Allah. Bayan sallar asuba karatun Alƙur'ani yake sawa, da daddare kuma tsofaffin faya-fayan kalangu da gurmi, ya zauna shi kaɗai a falo, ko tari ba ya son a yi. Ya ɗauko wani kwali da ya taho da shi daga Dubai ya nuna mini, sannan ya kai ni bayan kayan. Waya ce kaurinta ya kusa na rake, an saƙa mata riga baƙa da ja, kawunan biyu sai ƙyalli suke, in ka ɗaga ta ka ce igiyar guga ce da ta sha ruwa.

"Injiniya," ya ce, "wani gurnani nake ji a ƙasan karatu, shi ya sa na sayo wannan. Yau kwana uku da sa ta. Kamar dai muryar ta ɗan washe, amma gurnanin yana nan daram."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa la'asar."

Abin da na yi a falon nan shi zan zayyana, don duk mai kayan sauti a gida zai iya yin mafi yawansa da hannunsa. Amsata kuwa tun yanzu ita ce: matuƙar wayar da ke jikin amfilifayarka lafiyayya ce, kaurinta ya isa, kanta ya kama soket gam, to sauya ta da mai tsada ba zai sauya abin da ke fita daga sifika ba. Waya marar kyau dai tana da illa, kuma illarta ta wuce ta sauti, don tana iya ƙone gida.

Amfilifaya daga randa take sha

Wutar da ke soket ɗinka ta sha tafiya. Ko daga Shiroro da Kainji a jihar Neja ta taso, ko daga tashoshin iskar gas na kudu, kan manyan turakun nan na bolt 330,000 take biyowa ta Kaduna ta sauka a Kumbotso. Daga nan a yi ta rage mata ƙarfi hawa-hawa, 132,000, 33,000, 11,000, har ta iso tiransifomar unguwa, wadda ke ba gidanka bolt 230. Yawancin wayoyin da ke kan turaku ma alminiyam ne. Ta bi ta mita, ta bi akwatin fiyus, ta bi wayar cikin bango da mai aikin waya ya ja tun ana ginin gidan. Ɗaruruwan kilomita ke nan. Mita biyun ƙarshe, wato tsawon wayar amfilifayarka, ba su da ikon wanke abin da ta kwaso a hanya, don waya ba rariya ba ce, hanya ce kawai.

Sannan amfilifaya ba kai-tsaye take aiki da wannan wutar ba. Wutar bango kai-da-komo take yi, sau 50 a cikin daƙiƙa ɗaya. In ta shiga akwatin sai tiransifomar ciki ta rage ta, wasu 'yan ƙananan dayod su miƙar da ita ta koma tafiya gefe guda, sannan ta zuba cikin manyan kafasito, gwangwanayen nan masu kama da ƙaramin gwangwanin madara da za ka hango ta ramukan murfi. Kafasito randa ce. Mai garuwa yana zuwa ya juye ruwa sau 100 a daƙiƙa, ita kuma amfilifaya da moɗa take ɗiba daga randar gwargwadon buƙatar kiɗa. In an doka kalangu da ƙarfi ta ɗebi da yawa, in mai karatu ya yi shiru ta ɗebi kaɗan. Mai sha daga randa ba ruwansa da ko garwar fenti gare ta ko tsatsa, muddin randar ba ta yi ƙasa ba.

Ga lissafin da nake yi wa mutane a bayan takardar rasit. Amfilifayar gida da ke jan wat 200 ba ta kai amfiya 1 ba (amfiya ma'aunin yawan wutar da ke bin waya ce) a kan bolt 230. Wayar da ta zo da ita a kwali yawanci kaurin silinta murabba'in milimita 0.75 ne, tsawonta kamar mita 2, zuwa da dawowa mita 4. Turjiyar jan ƙarfe mai wannan kauri da tsawo, wato yadda yake tauye wutar da ke bi ta cikinsa, ba ta wuce om 0.1 ba a ma'aunin turjiya. Ke nan abin da ke salwanta a cikin wayar wajen bolt 0.1 ne. Na san amfilifaya fizga take yi ba ja a hankali ba, to ninka shi sau biyar, rabin bolt ke nan. Ni kuwa a shagona na sha sa mita a soket in ga 185 bayan magariba lokacin da kowa ya kunna kaya, in dawo da sassafe in ga 235. Inda wuta ke hawa da sauka da bolt 50 tsakanin dare da safiya, rabin bolt ba abin da kunne zai kama ba ne.

Duba wayar da kake da ita

Fara da zare ta daga bango. Kada ka taɓa komai tana jone.

Kai ta haske ka karanta rubutun da ke jikin robar. Za ka ga wani abu kamar 3 x 0.75 ko 3 x 1.0. Ukun yana nufin sili uku ne a ciki: mai wuta, mai dawowa, da na ƙasa wanda masu aikin waya ke kira at. Lambar ta biyu kaurin kowane sili ce. Mai 0.75 tana ɗaukar amfiya 6, mai 1.0 tana ɗaukar 10, mai 1.5 ta kai 15. Ga kayan falo, 0.75 na gaskiya ta wadatar, in kana da babbar amfilifaya irin ta masu wa'azi ko biki sai ka nemi 1.0 ko 1.5.

Na ce "na gaskiya" saboda nan gizo ke saƙar. Kasuwa cike take da wayar da rubutun jikinta daban, cikinta daban. Za ka ga roba ta yi kauri, ka yanka ka tarar da 'yan silalla kamar gashin masara. Wata kuma alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama. In fulogin mai kwancewa ne, buɗe shi da sukundireba, ka kankare sili ɗaya da reza. In ja ne har ciki, jan ƙarfe ne. In fari ya bayyana, an yi maka shafe. Ko ka kara masa wutar ashana: jan ƙarfe zai yi ja ya tsaya a miƙe, alminiyam nan da nan zai lanƙwashe ya zube. Wadda kuma mayen ƙarfe ya kama silinta, wannan baƙin ƙarfe ne aka rina, jefar da ita. Alminiyam ya fi jan ƙarfe turjiya da fiye da rabi, kuma yana karyewa a wurin ɗauri, shi ne tushen zafin da ke narka fulogi.

Tunda ka buɗe, dubi fiyus. Fulogi mai ƙafa uku irin wanda muka gada daga Ingila dole ne ya zo da fiyus a ciki, 3 ko 5 ko 13. Sau nawa ina buɗewa in tarar an naɗe mataccen fiyus da takardar sigari mai ƙyalli, ko an ɗaura sili a madadinsa. Ranar da wani abu ya haɗe a cikin amfilifaya, babu mai tsayar da wutar sai wayar ta kama. Sayi fiyus na gaske ka sa, wanda bai wuce ƙarfin wayar ba. Dubi launuka kuma: ruwan ƙasa ko ja shi ne mai wuta, yana zuwa wajen fiyus, shuɗi ko baƙi mai dawowa, kore da ruwan ɗorawa yana zuwa doguwar ƙafar sama. Akwai wayoyin da ƙafa uku ce a waje amma sili biyu ne kacal a ciki, ƙafar ta sama ado ce. In fulogin a like yake ba ya buɗuwa, kai wa mai gyara ya sa mita tsakanin doguwar ƙafar da ramin tsakiya na ɗaya kan, minti ɗaya ya isa a gane.

Sai gwajin hannu. Mayar da ita, kunna kaya su yi awa guda suna aiki, ka kashe, ka zare, ka taɓa kan fulogin da ƙafafunsa. In ka ji zafi, ko ka ga robar da ke gindin ƙafa ta yi duhu, ko ka ji ƙauri, to haɗuwar ba ta da kyau, ko dai a fulogin ko a soket ɗin.

Soket ɗin ma abin dubawa ne, kuma a nan na fi samun laifi fiye da ko'ina. A gidan Alhaji, da na taɓa ƙatuwar wayar nan sai na ji fulogin yana rawa a bango, nauyinta ma janye shi yake ƙasa. Da na motsa shi sai sifika ta yi ƙarar ƙas-ƙas. Na kashe wutar gidan daga akwati, na kwance soket ɗin. Ƙurar hunturu ta yi gado a ciki, haƙoran tagullar sun saki sun yi baƙi, ɗaurin sili ɗaya da ɗan yatsa na juya shi. Duk lokacin da irin wannan haɗuwa ta motsa, tartsatsi take yi, tartsatsin nan kuwa ana jin sa a sifika. Shi ya sa in mutum ya ce mini ya sauya waya sauti ya gyaru, ba na ƙaryata shi. Sau da yawa tsohuwar ce ta saki, sabuwar ta kama da kyau, kuma kowace sabuwar waya ta kirki daga Sabon Gari za ta yi wannan aikin. Masu cusa tsirarar waya a soket su tokare da tsinken ashana, da masu danna murfin biro a ramin sama don fulogi mai ƙafa biyu ya shiga, don Allah a bari. Soket sabo bai kai kuɗin katin waya na mako ba.

Farautar gurnani

Na sauya soket, ƙas-ƙas ya tafi, gurnani yana nan. Ruwa ba ya tsami banza, kuma hanyar gano mai laifi ɗaya ce: ka raba kayan, ka mayar da su ɗaya bayan ɗaya.

Kashe amfilifaya. Zare duk wayoyin da ke kawo mata sauti, jajaye da farare, na talabijin da na faifai da na komai, ka bar wayar wuta da ta sifika kawai. Kunna, ka ɗan ɗaga murya, ka kai kunne kusa da sifika. In gurnanin yana nan alhali babu abin da ke jone, matsalar a cikin akwatin take. Galibi kafasito ne suka bushe. Zafin Kano na watan Afrilu da ke haura digiri 40, ga akwati an cusa shi cikin kabad babu iska, yana cinye su da wuri. Za ka ga kansu ya kumbura kamar murfin gwangwanin da ya lalace. Randa ta tsage ke nan, sai a ji motsin mai garuwa a cikin kiɗa. Wannan aikin mai gyara ne. Kada ka buɗe da kanka, don kafasito suna riƙe wuta bayan an zare fulogi. In kuma ƙugin daga jikin akwatin yake fitowa ba daga sifika ba, tiransifoma ce ke rawa, ka lura ko a kan janareta ko inbata ta fi yi.

Ta Alhaji shiru ta yi, tsit. Na jona na'urar faifai, shiru. Na jona wayar da ta taho daga talabijin, sai ga shi, wuuun, kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Na zagaya bayan risiba na kwance wayar dish, wadda ake murɗawa. Gurnani ya ɗauke kamar an yanka.

Alhaji ya miƙe daga kujera ya ce, "Ikon Allah! Injiniya, me ka taɓa?"

Abin da ke faruwa shi ne, amfilifaya tana da hanyarta ta zuwa ƙasa ta soket ɗinta, talabijin da risiba suna wani soket ɗin a ɗaya bangon, dish kuma yana can kan rufi a ɗaure da ƙarfe yana da tasa hanyar. Ƙasan nan ba daidai suke ba, akwai ɗan bambancin wuta tsakaninsu, sai wata 'yar wuta ta riƙa zagayawa ta cikin wayar sauti tana neman daidaito. Amfilifaya ba ta san bambancin wannan da kiɗa ba, duk abin da ya shigo ƙara masa ƙarfi take yi. Ko da wayar zinariya ka jona ta da bango, zagayen nan yana nan.

Maganin farko, tara duk kayan a kan ekstenshan guda mai kyau, mai sili uku na gaske, daga soket guda. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa. In bai isa ba, duba ko talabijin ɗinka da amfilifaya suna da ramin nan mai ɗan murfi da ke fitar da jan haske. Wayarsa haske take ɗauka, babu ƙarfe a cikinta, don haka babu hanyar da wutar za ta bi. Ita na sa wa Alhaji, siririya kamar tsinken tsintsiya, daga wani shago a France Road direba ya sayo ta. In kayanka ba su da wannan ramin, akwai 'yar na'ura mai raba ƙasa da ake sawa a tsakiyar wayar ja da fari.

Akwai wata dabara da wasu ke yi wadda nake roƙon kowa ya guje ta, wato karya doguwar ƙafar fulogi ko cire koren sili. Gurnani yana tafiya, gaskiya ne. Amma silin nan shi ke kwashe wuta ya kai ƙasa ranar da ta zubo a jikin akwati. In ka cire shi, jikin wanda ya taɓa akwatin ne hanyar, kuma a falo yara ke rarrafe a kan tayil ba takalmi. Idan ma kana jin akwatin yana ɗan tsikarinka in ka shafa shi da bayan hannu, kira mai aikin waya ya duba sandar ƙasan gidan. Da rani ƙasar Kano bushewa take ƙayau, sandar ta rage aiki, wani gidan kuma in an tona sai a tarar ɗaurin ya ci tsatsa ya rabu tuntuni.

Sauran ƙananan ƙararraki kowanne da mai shi. Ɗas ɗin da kake ji lokaci-lokaci firji ne ke tashi, raba su layi. Zizar da ke ƙaruwa in ka rage gudun fanka daga makunnin fankar take. Cajar waya mai araha da wasu ƙwayayen fitila na zamani suna watsa tsaki, zare su ɗaya-ɗaya za ka kama mai yi. Dit-dit-dit ɗin da ke riga kira shigowa kuwa wayar hannu ce aka ajiye a kan amfilifaya. Sannan ka leƙa bayan kayanka. In wayar wuta da wayar sauti sun kwanta jere an ɗaure su tare don tsabta, raba su da tazarar tafin hannu, inda dole su haɗu su gitta juna kamar mararraba. Nan ne kaɗai na san wayar wuta mai rigar ƙarfe a ciki za ta iya ɗan taimakawa, kuma raba su da hannu yana yin aikin kyauta.

Janareta da inbata

Wannan ya fi waya muhimmanci nesa ba kusa ba. Ƙaramin janareta mai cin fetur gauraye da baƙin mai ƙarfinsa hawa da sauka yake da zarar an ɗora masa kaya ko an sauke. Ka bari ya zauna tukuna, amfilifaya ta zama ƙarshen abin da za ka kunna, kuma farkon abin da za ka kashe kafin mai ya ƙare ya fara shaƙewa. Haka in an ɗauke wuta, tashi ka kashe ta, don lokacin dawowar wuta ne kaya suka fi ƙonewa. Sitabilaiza mai ɗan jinkiri kafin ta saki wuta tana da amfani a nan, ka sayi wadda ƙarfinta ya ninka abin da kayanka ke ja.

Masu sola, ku tambayi irin inbatar kafin ku biya. Akwai mai fitar da wuta sumul irin ta layi, akwai mai araha da ke fitar da ita hawa-hawa kamar matakala. Ta biyun tana sa tiransifomar amfilifaya kuka da zafi, kuma zizar tana ratsowa har sifika. Gwada ta da fanka: in fanka tana ƙugi a kanta, amfilifaya ma za ta yi.

Gwajin labule

Da gurnani ya tafi sai Alhaji ya ce, "To amma fa ni na ji muryar ta washe ranar da na sa wayar."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba na musu da kunnenka. Mu tambaye shi ba tare da ido ya sa baki ba."

Ga yadda ake yi. Kana buƙatar mutum biyu, wayoyin biyu, kwabo ko kowane tsabar kuɗi, takarda da biro. A rataya zane ko labule yadda mai sauraro ba zai ga bayan kayan ba. Ka zaɓi wuri guda a faifan da ka sani kamar yunwar cikinka, na daƙiƙa 30. A sa maɓallin murya wuri guda a manna masa salatif, kada wanda ya sake taɓa shi, domin ƙarin murya ko kaɗan ne kunne yana fassara shi da ƙarin daɗi. Da farko ka saurari kowace waya kana sane da ita, sau nawa kake so, har ka ce ka riƙe bambancin. Sannan ka fita. Mai taimakonka ya jefa kwabo, in kai ne ya sa mai tsada, in ɗaya gefen ne ya sa ta kwali, ya rubuta a ɓoye. Ko kwabo ya maimaita wadda ke jiki, sai ya kashe ya zare ya mayar, don kada tsawon lokaci ya tona asiri. Ya kira ka, ya koma inda ba za ka ga fuskarsa ba. Ka saurara, ka rubuta wadda kake zato. Sau 10 za a yi, kuma ba a duba amsa sai an gama.

Mai canki-canka yana samun wajen 5. Samun 9 ko 10 da sa'a kawai kusan sau ɗaya ne cikin 100, don haka in ka samu 9, ka ji wani abu da gaske, sai a binciki ko ɗaya wayar tana da lahani. 6 ko 7 ba hujja ba ce.

Yaron shagona ne ya riƙe kwabo, muka rataya zannuwan gado biyu a kan igiya. Alhaji ya zaɓi wani wuri da mai karatu ke jan madda, ya rufe ido, hannunsa a kan gwiwa, carbi ya tsaya cak. A zagaye na uku ya ce, "Wannan ita ce, ko shakka babu." A na bakwai ya daɗe bai rubuta ba, ya ce a maimaita. Da aka buɗe takarda ya samu 6, kuma ta ukun nan da ya rantse a kanta tsohuwar wayar kwali ce. Babban ɗansa ya ce shi ma a gwada shi, kunnen matashi ne, ya samu 4. Alhaji ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Wallahi na ji, Injiniya." Na kuma yarda ya ji. Kunne ba ya riƙe ainihin launin sauti sai na 'yan daƙiƙu, kuma wanda ya sa sabon abu yana zama ya kasa kunne fiye da yadda ya saba, sai ya tsinci abubuwan da tun da suna cikin faifan. Ni ma in na gama gyara akwati nakan ji ya fi daɗi, shi ya sa ban yarda in sallami aiki ba sai na auna.

Inda sauti ke sauyawa da gaske

Wayar sifika ta fi ta wuta tasiri, don sifika om 4 zuwa 8 ce kawai. In ka ja siririyar waya 0.75 tsawon mita 10, zuwa da dawowa ta kusa rabin om, fiye da kashi 10 cikin 100 na sifika mai om 4 ke nan, wannan kam ana iya ji. Sayi 1.5 ko 2.5 ta jan ƙarfe zalla, irin ta aikin gida ma ta yi, a duba tambarin SON, hukumar kula da ingancin kaya, a jikin naɗin. Ka tabbata ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi a duka sifikun biyu. In ɗaya ta juye, bes ɗin guduwa yake, murya ta rasa tsakiya. Gida nawa na shiga na tarar da wannan kaɗai ne ciwon.

Sai wurin zama. Sifikun Alhaji ɗaya tana kusurwa a bayan kujera, ɗaya kusa da ƙofa, falon kuma tayil ne da gilashi, in ka tafa hannu sai ka ji amsa-kuwwa. Muka jawo su gaba kamar kamu biyu daga bango, muka daidaita tazarar da ke tsakaninsu da tazarar kowace zuwa kujerarsa, muka ɗan karkato fuskokinsu suna kallonsa, ƙananan sifikun sama daidai kunnensa in yana zaune. Ya aika cikin gida aka kawo babbar darduma aka shimfiɗa a tsakani, aka saki labulen tagogi. Da aka sake sa kalangu, ɗan nasa da ke tsakar gida ya leƙo yana tambaya ko sabuwar sifika aka kawo. Wannan bambancin ba ya buƙatar kwabo.

Wayar Dubai tana nan a jiki, don lafiyayya ce, na dai ɗaura mata ɗan tallafi a bango saboda nauyinta kada ya sake sassauta sabon soket. Kafin in tafi na nuna wa direban fulogin wutar kayan da kan wayar dish, na ce in damina ta kama, da zarar hadari ya haɗo daga gabas, waɗannan biyun zai zare gaba ɗaya daga jiki, kashe makunni kaɗai ba ya tare tsawa.